Ƙafar Manomi Ita Ce Jarinsa

A duk lokacin da sabuwar shekara ta kama, ofisoshin gwamnati sukan cika da maganar kasafin kuɗi da ƙarin girma da canjin wurin aiki, ɗalibai kuwa hankalinsu yakan koma kan sabon zangon karatu da jarrabawar da ke tafe. Waɗannan duka manyan al'amura ne, babu mai musun haka. Amma yau ina so in ja hankalin mai karatu zuwa ga wata gaɓa da kowa ke takawa da ita amma ba kasafai ake dubanta ba, watau ƙafa. Zan kuwa kafa misalina da ƙasar Shanono, a arewa maso yammacin Jihar Kano, domin a irin wannan wuri ne ake gane cewa lafiyar ƙafa magana ce ta abinci da rufin asirin iyali.

Abin da nake son tabbatarwa guda ɗaya ne. Galibin ciwon ƙafar da ke kwantar da magidanci wata da watanni, ko ya kai shi ga rasa ƙafar ɗungum, yakan faro ne daga ɗan abin da ido zai iya gani tun yana ƙarami, kamar tsagewar dunduniya, ko sukar ƙaya, ko bororo, ko saɓar fata a tsakanin yatsu. Mu kuwa Allah ya riga ya hore mana lokuta da dama a kowace rana da muke cire takalmi mu wanke ƙafa domin salla. Idan muka ƙara wa wannan wankin dubawa da tsanewa da shafa mai, sa'an nan muka riƙe takalmi da muhimmanci, to za mu tsare ƙafafu masu yawa ba tare da an kashe kuɗin kirki ba.

Ƙaramar Hukumar Shanono, wadda ƙidayar shekarar 2006 ta ba mutum dubu 140 da 'yan kai, ƙasa ce ta manoma. Daga garin Shanono zuwa Faruruwa, daga Kokiya zuwa Leni da Tsaure, gona tana jikin gona, kowace 'yar gayauna tana da mai ita, kuma gero da dawa da gyaɗa da wake su ne abin dogaron gida. Babur ya rage wa mutane nisan kasuwa, amma har gobe da ƙafa ake bin garmar shanu, da ƙafa ake rufe irin da aka zuba a ramin sungumi, da ƙafa mata da yara ke kai abinci gona su ɗebo ruwa da itace. Ma'aikacin gwamnati idan ƙafarsa ta kumbura zai aika da takardar likita ofis ya kwanta, albashinsa yana nan tafe ƙarshen wata. Manomin da gyambo ya kwantar a watan Yuni ko Yuli babu wanda zai ɗage masa damina. Idan noman firi da maimai suka wuce shi, to ko dai ya sayar da akuya ya biya 'yan ƙwadago, ko kuwa ya zuba ido ciyawa ta cinye abin da ya shuka, rumbu ya ƙare tun kafin bazara.

Dattawan karkarar Kano sun san wannan magana sarai, domin ba su manta da kurkunu ba. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta shekara guda a jikin mutum, sa'an nan ta huda fata ta fito, galibi a ƙafa, kuma a nan Arewa ta fi fitowa da damina, daidai lokacin da ake bukatar kowane hannu a gona. A ƙidayar farko da aka fara a shekarar 1988 an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, babu wata ƙasa a duniya da ta kai mu. Cutar ba ta da ƙwayar magani, ba ta da allurar rigakafi. Abin da ya ci ƙarfinta shi ne tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da zuba magani a tafkuna, da hana mai kurkunu tsoma ƙafarsa a ruwan da jama'a ke sha. Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta zaga ƙauyuka yana wannan kira. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da cutar. Abin lura a nan shi ne, mutanen ƙauye sun karɓi sabuwar al'ada da aka yi musu bayaninta da kyau, suka riƙe ta har ta kashe cutar da kakanninsu suka ɗauka ƙaddara ce. Wanda ya ga haka ba zai ce ba za a iya koya wa jama'a duba tafin ƙafa ba.

Bari mu fara da abin da ke damun kowa a wannan wata na Janairu, watau kaushi da faso. Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26, ƙafafu biyu ke nan suna ɗauke da kusan rubu'in ƙasusuwan jiki 206, kuma duk nauyin mutum a kansu yake sauka. Fatar tafin ƙafa ta fi ta ko'ina kauri, tana da ƙofofin gumi masu yawa, amma ba ta da 'yan ƙofofin nan da ke fitar da maiƙo kamar na fuska da kai. Saboda haka da zarar iskar hunturu ta kaɗa ta tsotse danshin fata, sai gefen dunduniya ya bushe ya yi tauri. Duk takun da mutum ya yi, naman dunduniya yakan baje, busasshiyar fatar kuwa ba ta iya miƙewa tare da shi, sai ta tsage. Mutane sukan ɗauki faso abin dariya, ko abin da mata kawai ke ƙi saboda ado. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fason da ya yi zurfi har yana jini ƙofa ce a buɗe, ƙasa da ƙazanta suna shiga, kuma daga nan ne kumburi da ruwa da zazzaɓi sukan faro.

Maganin wannan yana cikin kowane gida. Bayan sallar lisha, mutum ya wanke ƙafarsa da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan, ya bar fatar ta yi laushi na 'yan mintoci, ya goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa ba tare da ya kai ga jini ba, ya tsane, sa'an nan ya shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya da tafin ƙafa. Idan yana da safar auduga ya sa ya kwana da ita. Wanda ya lazimci haka tun farkon hunturu da wuya faso ya kama shi, wanda ya riga ya kama kuwa zai ga sauƙi cikin 'yan kwanaki. Abin da ya kamata a guje wa shi ne yanke kaushi da reza, da ɗiga narkakken kyandir ko baƙin man inji a cikin tsagar, domin waɗannan sukan ƙara rauni su rufe ƙazanta a ciki.

Sai maganar alwala. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi a gaban malami ya san cewa wanke ƙafafu zuwa idon sawu farilla ne, cuɗawa ma haka, an kuma kwaɗaitar da tsettsefe yatsu. Likitocin ƙasashen Turai suna fama da marasa lafiyarsu su wanke ƙafa sau ɗaya a rana, mu kuwa addini ya riga ya ɗauke mana wannan wahala. Inda muke yin sakaci shi ne abin da ke biyo bayan wankin. Ma'aikaci yakan yi alwalar azahar a bakin famfon ofis, ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safar roba da takalmi sau-ciki, ya zauna haka har la'asar. Danshi da ɗumi da duhu su ne abin da ƙwayar cutar nan mai sa cin ruwa ke so, sai fatar tsakanin yatsu ta yi fari ta saɓe, ga ƙaiƙayi ga wari. Malamanmu na mazhabar Maliki ba su hana goge ruwan alwala ba. Ɗan ƙyalle mai tsabta a aljihu, wanda aka keɓe domin ƙafa, ya isa. A tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, kada kuma a shafa mai a wurin, domin tsakanin yatsu bushewa yake so, dunduniya ce ke son mai. A daidai wannan lokaci ne kuma mutum zai ɗaga ƙafarsa ya dubi tafinta, ya ga ko akwai sartse, ko ja, ko wata tsaga da jiya babu ita. Duka wannan bai fi minti ɗaya ba.

Na uku shi ne takalmi, kuma a nan ne gardama take. Daga yanzu zuwa faɗuwar ruwa manomin Shanono yana cikin sharar gona da kai taki a mangala ko amalanke. Gonar da aka girbe cike take da tushiyar kara mai tsini kamar mashi, ga tsidau, ga ƙarangiya, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Takin juji na zamanin yanzu kuma ba ya rasa fasasshiyar kwalba da gwangwani da tsohuwar ƙusa. Mutane da yawa sun ɗauka tsatsar ƙarfe ce ke kawo ciwon sarƙe-haƙora. Gaskiyar magana ita ce ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana iya shekaru a kwance, kuma ta fi samun yadda take so a rauni mai zurfi da ƙaramin baki, wanda iska ba ta shiga, irin na ƙaya da ƙusa. Ashe ke nan mai kwasar taki ba takalmi ya haɗa abin da zai soke shi da abin da zai shiga raunin a wuri guda. Idan tsautsayi ya auku, a cire abin da ya shiga, a wanke wurin sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a je asibiti a nemi allurar rigakafi. Kada a cusa toka ko ƙasa ko kashin shanu da sunan tsayar da jini.

Akwai kuma wata 'yar tsutsar ciki wadda ƙwanta ke fita tare da bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi, 'ya'yan su huda fatar ƙafar wanda ya taka su, su bi jini har su isa hanji su maƙale suna zuƙar jini. Yaron da ke ɗauke da su yakan yi fari, ya riƙa kasala da barci a aji, malami ya ɗauka rago ne. Magani guda da ake rabawa a makarantu yana kashe tsutsar, amma muddin yaro yana yawo a bayan gari ba takalmi za ta dawo. Haka nan likitocin da suka daɗe suna jinyar waɗanda maciji ya sara, musamman a Kaltungo ta Jihar Gombe, sun tabbatar cewa mafi yawan sara a ƙafa ake yinta. Manomin rani da ke shiga fadama, ko mai aiki a gonakin ban-ruwa na madatsar Watari da ke Bagwai maƙwabciya, dogon takalmin roba ya fi masa komi. Da safe kuma a karkaɗe takalmi kafin a sa, saboda kunama da tsakuwa.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce kakanninmu ba takalmi suka yi noma, kuma sun tsufa da ƙafafunsu. Wani zai ce takalmi yana hana mutum rufe shuka yadda ya kamata, kuma silifas yana maƙalewa a taɓo ya tsinke. Wani kuma zai ce wanda bai gama sayen takin zamani ba ina ya ga kuɗin takalmi. A cikin kowace daga waɗannan akwai gaskiya. Amma waɗanda suka tsufa da ƙafafunsu su muke gani, waɗanda gyambo ya naƙasa ko sarƙe-haƙora ya kashe tun suna samari ba su nan balle su ba da nasu labarin. Game da shuka kuwa, ranakun shuka kaɗan ne a shekara, sauran ayyukan duka ana iya yinsu da takalmi, kuma takalmin roba mai rufi ko na taya mai maɗauri a baya ba ya fita kamar silifas. Batun kuɗi ma, duk tsadar takalmin gona bai kama ƙafar kuɗin ɗaukar marar lafiya daga Shanono zuwa Kano da zaman jinyar mako guda ba.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya shafi mai lafiya, wanda idan ƙaya ta soke shi zai ji zafi ya tsaya ya cire. Akwai wani mutum wanda shi ne ya fi sa ni rubuta wannan maƙala, watau wanda ƙafarsa ta daina jin zafi. Da can an ɗauka kuturta tana cin yatsu ne da kanta. Wani likita Bature mai suna Paul Brand, wanda ya fara aiki a garin Vellore na Indiya a 1946, shi ya nuna cewa cutar jijiyoyin ji take kashewa, sai mutum ya riƙa ƙonewa da taka ƙaya bai sani ba, ya ci gaba da tafiya a kan raunin har ya ruɓe. Ma'aikatan asibitin kutare na Yadakunya da ke kusa da Kano sun daɗe suna koya wa marasa lafiyarsu duba ƙafa kullum saboda wannan dalili. Bayan Dokta Brand ya koma Amurka a 1966 ya nuna cewa abin da ke samun ƙafar mai ciwon suga shi ne dai wannan. Kuturta ta ragu ƙwarai tun da aka sami maganinta, ciwon suga kuwa sai ƙaruwa yake yi, a birni da ƙauye.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Nijeriya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Idan suga ya daɗe yana hawa a jini, yakan lalata jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini, saboda haka rauni ba a jinsa, ba ya kuma warkewa da wuri. Tsakanin 2016 da 2017 likitoci sun bi diddigin mutum 336 da aka kwantar da gyambon suga a manyan asibitoci shida na ƙasar nan, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Kimanin kashi 35 cikin 100 sai da aka yanke musu ƙafa ko wani sashe nata, kimanin kashi 20 cikin 100 kuma sun rasu a asibitin. Babban abin da likitocin suka koka da shi shi ne zuwa a makare. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma yawancin waɗannan gyambuna da bororo ko faso ko sukar ƙusa suka fara.

Saboda haka duk dattijon da ke yawan fitsari da dare, da ƙishirwa, da rama ba dalili, ko yana jin tafin ƙafarsa na zafi kamar an zuba barkono, ko yana jin kamar a kan auduga yake tafiya, ya kamata a kai shi a auna jininsa. Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da likitocin garin Ipswich na Ingila suka bayyana a 2011, wanda kowane ɗalibi zai iya yi wa mahaifinsa a kan tabarma. Mutum ya rufe idonsa, a taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin yatsa na kowace ƙafa da ɗan yatsan hannu, a hankali ba tare da dannawa ba, shi kuwa ya faɗa duk lokacin da ya ji. Idan ya kasa jin biyu ko fiye daga cikin shidan nan, to ƙafarsa tana cikin haɗari. Irin wannan mutum kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, kada ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta da sanyin asuba, kada ya tsoma ta a ruwan zafi sai wani ya gwada ruwan da gwiwar hannu, kada kuma ya bar wanzami ko mai yankan farce ya feƙe masa kanta. Idan ido ya yi rauni ko ƙugu ba ya lanƙwasuwa, matarsa ko ɗansa ya duba masa tafin ƙafa kowane dare. Duk raunin da aka gani, komi ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti a ranar ko washegari. Idan kuwa aka ga kumburi da wari, ko yatsa ya fara baƙi, to ba a kwana. Mai shan taba sigari kuma ya sani yana ƙara toshe hanyar jinin da ƙafarsa ke jira.

Ma'aikata da ɗalibai ma suna da nasu rabon. Takalmin da ya matse shi ke kawo kanta da bororo da shigar farce cikin nama. Ƙafa takan ɗan kumbura yayin da rana ta yi nisa, saboda haka da yamma ya fi kyau a gwada sabon takalmi, a gwada ƙafafu biyun duka, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsu. Farce a yanke shi a miƙe, kada a kwakule gefe. Almakashi ko rezar da ta zaga ƙafafun mutum goma a tasha tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani, don haka kowa ya mallaki abin yankan farcensa. Magatakarda da ke wuni a kujera ya riƙa miƙewa yana ɗan zagayawa bayan kowace sa'a. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke wuni a tsaye, idan suka fara jin dunduniya na suka a takun farko da safe, to jijiyar da ta shimfiɗe a tafin ƙafa ce ta gaji. Takalmi mai taushin ƙasa, da rage ƙiba ga mai ita, da dafa bango a miƙar da sha-raɓa safe da yamma, sukan kawo sauƙi cikin 'yan watanni. A makarantun kwana kuwa, ɗalibi ya shiga banɗaki da silifas ɗinsa, kada ya yi aron safa ko takalmi, ya kuma shanya kambas ɗinsa a rana.

Ba zan ɗora wa talaka dukan nauyin ba, hukuma tana da nata. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da sashen lafiya na ƙaramar hukuma su mayar da duba ƙafa ƙa'ida, watau duk mai ciwon suga da ya zo karɓar magani a asibitin karkara a ce ya cire takalmi kafin a rubuta masa takarda. Wannan ba ya bukatar sabon gini ko kwangila. A tabbatar kuma akwai abin auna suga da allurar sarƙe-haƙora a ƙananan asibitoci, domin kada mutum ya yi tattaki daga ƙauyensa a ce ya tafi Gwarzo ko Bichi. Malaman lafiya su yi amfani da ranakun kasuwa su yi bayani da Hausar da kowa zai gane, gidajen rediyo su taimaka, limamai kuma idan suna karantar da babin alwala su ƙara da maganar tsanewa da dubawa. Malaman firamare su farfaɗo da duba tsabtar yara da safe, a dubi ƙafa kamar yadda ake duban farce da haƙori. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959 yana ƙoƙari, amma duk ƙwarewar likitocinsa ƙafar roba ba ta bin garma kamar wadda Allah ya halitta.

A ƙarshe ina magana da kai, ɗan'uwa ma'aikaci, da ke, 'yar'uwa ɗaliba, waɗanda iyayenku ke can Shanono ko wani ƙauye irinta. Da guminsu aka biya muku kuɗin makaranta, kuma ilmin da kuka samu hakkinsu yana ciki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Idan kuka je gida a wannan rani, bayan gaisuwa da tsaraba, ku nemi izinin Baba da Inna ku dubi tafin ƙafarsu, ku yi musu gwajin yatsu shidan nan, ku koya wa ƙannenku yadda za su ci gaba da yi bayan kun komo. A cikin tsarabar kuma a sa takalmin gona da kwalbar man kaɗanya. Akwai wata huɗu ko biyar kafin ruwan shuka, lokacin ya isa faso ya rufe, a gano mai suga a fara masa magani, kowa ya shiga damina da ƙafafunsa biyu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga ƙarshen wannan shekara cikin alheri, amin.